Babi na Bakwai: Ƙaddara da Alhaki a Lokacin Sanƙarau

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal, ta biyo ta Aliero da Jega ta gangara Maiyama, warin albasa ne zai raka shi. Lokacin cire ta ke nan. Buhuna jibge a bakin titi, 'yan dako suna lodi, manyan motoci suna ɗaukar hanyar kudu. Hunturu ya janye amma bai kwashe ƙurarsa ba, zafin bazara kuma ya fara dukan ƙasa tun hantsi. Watanni ne na kuɗi ga manomi da dillali. Su ne kuma watannin da ma'aikatan lafiya na ƙasar Gwandu suke zaman ɗar-ɗar, domin a cikinsu ne sanƙarau yake fitowa.

A watan Maris na 2025, ana tsakiyar azumi, gwamnatin jihar Kebbi ta sanar da cewa mutum 26 sun rasu daga cikin 248 da ake zaton sun kamu, kuma mafi yawan mamatan a ƙananan hukumomin Gwandu, Jega da Aliero suke. A jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero ɗalibai sun rasu, har aka rufe makarantar aka sallami saura zuwa gida. Adadin ya ci gaba da hawa bayan wannan sanarwa. Mutanen yankin ba baƙi ba ne ga irin wannan tashin hankali. Shekara goma kafin nan, a 2015, wani sabon nau'in ƙwayar cutar, wanda likitoci suke kira nau'in C, ya kama mutum fiye da 6,000 a jihohin Kebbi da Sakkwato, kuma Aliero da Jega suna cikin wuraren da ya fi yi wa ɓarna. A shekarar ce ya tsallaka ya addabi Yamai. A 2017 ya dawo da ƙarfinsa a Zamfara da maƙwabtanta, ya kama fiye da mutum 14,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 1,100.

A zaman makoki kowa ya san abin da ake faɗa. "Kwana ya ƙare." "Ƙaddara ta riga fata." "Allah ya jiƙan rai, ya ba ku haƙuri." Uban yaro, idan ya iya buɗe baki, yakan ce, "Mi za mu yi? Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinai." Ni ban ga aibin ko ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi ba. Mutumin da ya binne ɗansa da safe ba ya bukatar a yi masa lissafin inda aka yi kuskure. Yana bukatar abin da zai riƙe zuciyarsa kada ta tarwatse, kuma imani da cewa babu ran da yake wuce wa'adinsa ya riƙe zukatan da ba su ƙirguwa. Damuwata tana farawa ne idan maganar ta bar tabarmar makoki ta koma teburin ofis, idan wanda aka ba amanar magani ko ta kuɗin magani ya ɗauke ta ya yafa. A nan tambayar da malaman tauhidi suka yi ƙarni da ƙarni suna juyawa take zama tambayar rai da mutuwa: idan komai rubutacce ne, me ya rage a wuyan ɗan Adam?

Sanin yadda cutar take aiki yana warware rabin wannan ƙulli. Ƙwayar sanƙarau tana zama a bayan hanci da maƙogwaron mutum, kuma a mafi yawan lokaci ba ta yi masa komai. Kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita, yana cin abincinsa, yana zuwa gona da masallaci, bai san da zamanta ba. Tana bin tari da atishawa da numfashin kusa ta shiga wani. Idan iska ta bushe, ƙura ta yi ta kankarar fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta samu kafar shiga jini a jikin wasu, ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Daga nan sai zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai, ƙin haske, da sanƙarewar wuya. A jariri maɗiga takan kumbura. Tana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. Idan ba a yi magani ba, kusan rabin waɗanda ta kwantar ba sa tashi. Idan aka yi allurar da ta dace da wuri, mafi yawa suna rayuwa. Da ruwan damina ya sauka, annobar takan lafa. Tun 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya zayyana zirin ƙasashen da wannan yake faruwa a cikinsu, wanda a yau ake lissafa shi daga Senegal zuwa Habasha, kuma ƙasar Kebbi tana tsakiyarsa.

To, a duba mutumin nan mai ɗauke da ƙwayar. Ɗan ƙwadago ne, a ce, ya taso daga wani ƙauyen Maiyama ya zo cirar albasa, ya kwana ɗaki ɗaya da samari takwas. Ɗaya daga cikinsu ya kamu ya rasu. Shi ne sababi, babu musu. Amma babu alƙalin da zai kama shi, babu malamin da zai ce ya yi zunubi, domin bai sani ba, kuma ba shi da hanyar sani. Hankalin kowane Bahaushe yana rarrabe waɗannan abubuwa biyu ba tare da ya karanta falsafa ba: zama sababin abu daban, ɗaukar alhakinsa daban. Muna da tsautsayi, muna da sakaci, muna da ganganci, kuma ba ma yi musu hukunci ɗaya. Abin da yake ɗaga aiki daga mataki zuwa mataki shi ne sani da iko. Gwargwadon abin da ka sani da abin da kake iyawa, gwargwadon nauyin da ke kanka.

Wannan shi ne abin da ake karantarwa a zaurukan Jega da Gwandu tun kafin zuwan Turawa, ko da ba da waɗannan misalai ba. Ɗalibin da ya kai ga littattafan tauhidi yakan ji labarin ɓangarori biyu da suka wuce gona da iri. Jabariyya suka ce mutum tilastacce ne, ba shi da wani zaɓi. Ƙadariyya da Mu'utazilawa suka ce mutum ne yake samar da aikinsa da kansa. Imam Ash'ari, wanda mazhabarsa ta tauhidi ce ta yaɗu a ƙasashen nan tare da fiƙihun Malikiyya, ya tsaya a tsakani: Allah ne mai halittar aiki, bawa kuma yana da kasabinsa, wato nufi da himmar da ya fuskanci aikin da su, kuma a kan wannan ake yi masa hisabi. Malaman sukan kawo hujjar da kowa zai iya gwadawa a jikinsa: bambancin da ke tsakanin hannun mai karkarwa da hannun da mai shi ya ɗaga da nufi. Duka biyu motsi ne, amma mutum ya san wanne ne nasa. Masu zurfin bincike har yau suna gardama a kan ko wannan bayani ya ƙosar. Sai dai a wurin aiki babu wata mazhaba da ta taɓa barin ɓarawo ya tafi don ya ce an rubuta masa sata. Malamai ma sun fitar da ƙa'ida a kan haka, cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta auka wa mutum, ba a kan laifin da ya aikata ba.

Labarin da ya fi dacewa da sanƙarau shi ne na Sayyidina Umar lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan hijira. Ya kama hanyar Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sarg, sai shugabannin runduna suka tarye shi da labarin cewa annoba ta ɓarke. Bai yanke hukunci nan take ba. Ya kira Muhajirai ya ji ta bakinsu, suka saɓa. Ya kira Ansar, su ma suka saɓa. Ya kira dattawan Ƙuraishawa, suka ba shi shawarar ya koma da jama'a. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi. Umar ya amsa da cewa gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ga ƙaddarar Allah, ya kuma buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddara ya kai su, amma ba wanda zai yaba masa idan ya zaɓi ƙeƙasasshen. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya zo ya shaida musu umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa kada a shiga garin da annoba take, wanda ke ciki kuma kada ya fita don gudu. Abin da nake so a lura da shi shi ne halin Umar a matsayin shugaba. Ya nemi labari, ya yi shawara sau uku, ya ɗauki matakin da zai rage mutuwa, ya kuma tsaya ya amsa tambaya a kan matakin. Abu Ubaida kuwa ya zauna da rundunarsa a Sham, annobar ta ɗauke shi, kuma ba wanda ya ce ɗayansu ya rasa imani.

Shari'ar da ta ginu a kan wannan aƙida ba ta yi wasa da alhaki ba. Wanda ya kashe mutum bisa kuskure, ba da nufi ba, akwai diyya da kaffara, alhali kowa ya yarda cewa ajalin mamacin ne ya zo. Wanda ya shiga yi wa mutane magani ba tare da ya san magani ba, ya jawo ɓarna, shi zai biya. Mutanen Aliero sun fi kowa sanin nauyin wannan hukunci, domin garinsu ya yi suna a ɗori kamar yadda ya yi suna a albasa. Daga jihohi masu nisa har da ƙetaren iyaka ake kawo masu karaya. Gwanin mai ɗori yakan ce shi sababi ne, waraka ta Allah ce, kuma gaskiya ya faɗa. Amma shi ɗin ne ya san cewa idan aka matse ɗauri fiye da kima jini yakan tsaya, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, ƙafar da aka zo gyarawa ta kai ga yankewa. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna ganin irin wannan daga wurare daban-daban. Wanda ya gaji sana'ar da gaskiya yana duba yatsun, yana sassauta ɗauri, kuma idan ya ga ƙashi ya huda fata yakan ce a tafi asibiti. Tawakkalinsa bai hana shi wannan lura ba, kuma da ya bar ta da sunan tawakkali da ya ci amanar wanda ya kwanta a gabansa.

Ba mu kaɗai muke fama da tambayar ba. A ƙasashen Turai da Amurka ta sake tasowa da rigar kimiyya. A 1983 wani masanin ƙwaƙwalwa, Benjamin Libet, ya nuna cewa ƙwaƙwalwa takan fara shirin motsa yatsa ɗan ƙanƙanin lokaci, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, kafin mutum ya ji a ransa cewa ya yi nufin motsawa. Wasu suka ɗauki wannan suka ce ashe zaɓi mafarki ne, gado da tarbiyya da sinadaran ƙwaƙwalwa su ne suke tuƙa mu. Wasu masanan suka ce an yi wa gwajin fassarar da ta fi ƙarfinsa, domin motsa yatsa ba shi ne yanke shawarar aure ko sayar da gona ba. Jabariyya ce ta dawo ba tare da ambaton Allah ba. Abin lura shi ne, ko waɗanda suka fi tsananin musun zaɓi a cikinsu ba su ce a bar mai cutar da jama'a ya ci gaba ba. Cewa suke yi a tsare shi kamar yadda ake keɓe mai ɗauke da annoba, don kare mutane da gyara shi, ba don huce haushi ba. Ban bi su har ƙarshen hanyarsu ba, domin na yi imani mutum yana zaɓa kuma za a tambaye shi. Amma sun tuna mini da wani abu da muke yawan mantawa: zaɓin mutane ba faɗinsa ɗaya ba.

A ɗauki uwar da ɗanta ya tashi da zazzaɓi a wani ƙauye da ke nesa da titi. Abu na farko da zai zo mata shi ne zazzaɓin cizon sauro, domin shi ta saba gani, kuma a ranar farko alamun suna kama. Za ta aika kyamis a sayo ƙwaya. Idan yaro ya fara fizge-fizge yana surutai, wata tsohuwa za ta ce iska ce, a nemo hayaƙi da rubutu. Maigida yana fadama ko ya tafi cirani, kuma ba ta saba fita da yaro zuwa asibiti ba sai da izninsa. In ya dawo, kuɗinsa suna cikin albasar da ba a sayar ba, ko shinkafar da ba ta nuna ba. Kafin a samu bashi, a samu mai babur, a isa babban asibitin Jega ko na Aliero ko na Maiyama, kwana biyu sun wuce, cutar kuwa awoyi take ƙirgawa. A kowace gaɓa akwai zaɓi, amma ƙunci ne da shi, kamar ƙofar rumbu. Wanda ya zauna a Birnin Kebbi ko Abuja ya ce jahilcin iyaye ne ya kashe yaron bai yi adalci ba, kuma bai taimaki yaro na gaba ba.

Haka ma uban da ya ƙi a yi wa 'ya'yansa allurar rigakafi. Ina ganin ya yi kuskure babba, kuma zan faɗa masa haka a gabansa. Sai dai tsoronsa ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya ya kashe fiye da 11,000, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran. An yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Labarin ya zaga Arewa, kuma yana cikin abin da ya ba ƙauracewa rigakafin shan inna ta 2003 ƙarfi. Wanda ya ɓata yardar jama'a yana da kaso a cikin kowace ƙofa da aka rufe wa mai allura bayan haka. Shi ya sa maganar hakimi da liman da ungozoma a nan ta fi ta kowane baƙo tasiri, kuma shi ya sa shirunsu yake da nauyi.

Idan aka hau sama, zaɓi sai ya yi ta faɗi, alhaki kuma ya yi ta nauyi. Mutane da yawa ba su san cewa zuwan allurar rigakafi lokacin annoba ya rataya ne a kan takarda ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni: idan a yanki aka samu mutum 3 cikin 100,000 sun kamu a mako ɗaya, a shiga shiri; idan suka kai 10, annoba ce. Ba za a san an kai wannan adadi ba sai idan ma'aikacin ƙaramin asibiti ya rubuta kowane majinyaci, jami'in sa ido na ƙaramar hukuma ya tattara ya aika a kan lokaci. Sannan sai an ɗebi ruwan laka daga bayan majinyaci an kai ɗakin gwaji kafin ya lalace, don a san ko wane nau'i ne, domin rumbun allurar gaggawa na duniya, wanda aka kafa a 1997 bayan waccan babbar annoba, ba ya sakin allura sai da wannan shaida. Bayan ta iso ƙasa, sai firji mai aiki, sai man mota, sai alawus ɗin masu yi. Kowane mako da aka yi jinkiri a ɗaya daga cikin waɗannan matakai, akwai gidajen da za a shimfiɗa tabarmar makoki a ƙofarsu. Magatakardan da ya bar rahoto a aljihun tebur har Litinin ba zai taɓa ganin fuskar yaron ba, ba kuma za a taɓa kiran sunansa a gidan rasuwar ba. Amma ya sani, kuma yana da iko. Wannan ya sa nauyinsa ya fi na ɗan ƙwadagon da ya yi tari a ɗaki, ya kuma fi na uwar da ta sayi ƙwaya a kyamis.

A watan Afrilu na 2017, lokacin da mutane suke mutuwa a Zamfara, gwamnan jihar na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya shaida wa 'yan jarida cewa cutar sakamakon saɓon Allah ne da mutane suke yi, ya ambaci zina. Maganar ta tayar da ƙura. Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi II, ya mayar da martani a wani taro a Kaduna, ya ce maganar ba daidai ba ce a addinance, kuma wanda ba shi da allurar rigakafi ya je ya nemo. Ina so in yi wa gwamnan adalci: abin da ya faɗa shi ne abin da mutane da yawa suke ji a ransu, kuma malamai sun yarda cewa musiba tana iya zama gargaɗi. Amma babu wanda aka yi wa wahayi cewa wannan cuta hukuncin wancan zunubi ne, kuma waɗanda annobar ta fi kamawa a shekarar yara ne 'yan shekara 5 zuwa 14. In ma za a lissafa saɓon da yake jawo bala'i, cin amana da tauye haƙƙin talaka suna cikin jerin. Akwai kuma ɓarna ta zahiri: ranar da aka liƙa wa cuta sunan abin kunya, ranar ce iyali za su fara ɓoye majinyacinsu, sanƙarau kuwa babu abin da yake so kamar a ɓoye shi kwana ɗaya.

Magabatan wannan ƙasa ba haka suka ɗauki mulki da jinya ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa yake nan Gwandu, ya rubuta Diya'ul Hukkam a kan abin da ya wajaba ga masu mulki, ya kuma rubuta Masalihul Insan, inda ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki a littafi ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da yaƙe-yaƙe da nauyin daula, ya zauna ya wallafa littattafai a kan ciwon ido, da basur, da amfanin filasko. Mutanen da suka fi mu sanin babin ƙaddara su ne suka ga neman magani wa jama'a aikin shugaba ne.

An kuma ga abin da yake faruwa idan mutane suka ɗauki wannan nauyi da gaske. Annobar 1996 ta kashe kimanin mutum 25,000 a faɗin Afirka, kuma nau'in A ne ya yi ɓarnar. Shugabannin lafiya na Afirka suka nemi a samar da allurar da za ta daɗe tana kariya, suka kuma ce in ta wuce rabin dala ba za su iya saya ba. A 2001 aka kafa shirin samar da ita, wani kamfani a Indiya ya karɓi aikin a kan wannan farashi, a watan Disamba na 2010 aka fara yi wa jama'a allurar, mai suna MenAfriVac, a Burkina Faso, Najeriya ta bi a 2011. Cikin 'yan shekaru nau'in A, wanda ya yi ƙarni yana kashe kakanninmu duk bazara, ya kusa ɓacewa daga zirin baki ɗaya. Ƙurar ba ta ragu ba, zafin bai sauka ba, halin mutane bai canja ba. Wasu ne suka zaɓi su yi shekara goma a kan aiki ɗaya. Nau'in C da ya addabi Aliero da Jega wannan allura ba ta kama shi, shi ya sa aka sake komawa aiki. A watan Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da Men5CV, wadda take kariya daga nau'i biyar a allura ɗaya, kuma ita aka kawo Kebbi da Sakkwato bayan ɓarkewar 2025.

Malaman usulu suna cewa tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani. Karl Popper, a littafin da ya fitar a 1945, ya isa kusa da nan ta wata hanyar, inda ya ce aikin hukuma ya fi kyau ya zama rage wahalar da ake iya kauce wa a kan alkawarin jin daɗi, domin mutane suna saɓawa a kan abin da zai faranta musu, amma ciwon yaro ba ya bukatar muhawara. Na yarda da wannan tsari na fifiko, kuma ina ganin yana da ma'ana ta kuɗi da kasafi. Ƙaramar hukumar da take cikin zirin sanƙarau ta san watan da zai zo. Tanadin allurar jinya da ruwan ƙari da allurar ɗibar ruwan laka a Nuwamba da Disamba ake yin sa, ba a Maris ba. Makarantar kwana da tsangaya da ɗakin 'yan ƙwadago suna bukatar taga da rage cunkoso kafin zafi. Manomin da ya sayar da albasa da daraja, in ya ware wani abu a unguwarsu don kuɗin babur na dare, ya faɗaɗa zaɓin wata uwa da bai sani ba. Jinya da ilimin jinya suna cikin farillan da idan wasu suka tsaya musu sun ɗauke wa saura, idan kowa ya bari kowa ya ɗauki zunubi.

Akwai kuma waɗanda lissafin mamata ba ya ambata. Kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi daga sanƙarau suna tashi da tabo: kurumta, farfaɗiya, raunin gaɓa, ko wahalar koyo. Yaran da suka kwanta a Aliero da Jega a 2015 yanzu samari ne da 'yan mata, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka daina jin kiran uwarsu tun daga wannan makon. Sau da yawa ba a gane ba sai an ga yaro ya daina amsawa a aji, a ce taurin kai ne, a doke shi, daga baya a cire shi daga makaranta. Shirin duniya na kawar da annobar sanƙarau zuwa 2030, wanda ƙasashe suka amince da shi a 2020, ya sa kula da irin waɗannan cikin ginshiƙansa. A aikace abin da hakan yake nufi shi ne a gwada jin kowane yaro kafin a sallame shi daga asibiti, a sake gwadawa bayan 'yan makonni, a rubuta sunansa, a sanar da malaminsa na boko da na allo, a kuma nuna wa iyayensa inda ake koyar da maganar hannu. Daga cikin matakan nan, rubuta suna da sanar da malami ba sa cin ko kwabo, kuma ma'aikacin da ya sallami yaron shi ne yake da ikon fara su.